Gam a Kan Gam

Wannan da idona na gani, idanun nan biyu, tun kafin na hagun ya fara yi mini gardama. Da Fasto bai hana mu rantsuwa ba, da na rantse muku sau uku. To ku gyara zama.

Akwai wani mutum a bakin dam, masunci ne, yana da ɗan jirginsa na katako. Ba mai inji ba ne. Buhunan taki ya farke ya ɗinke su wuri ɗaya, ya ɗaura a jikin gora, iska ta busa ta tura shi. Ana ce masa Baban Tabita. Sunansa na gaskiya ba zan faɗa ba, danginsa sun fi ni ƙarfi.

To katakon jirgi in ya jiƙe, santsi yake kamar miyar kuɓewa. Shi ya sa masu jirgi ke yanko roba mai kaushi, irin ta shimfiɗar ƙasan mota, su manna da gam a inda ake taka ƙafa. Ta Baban Tabita ta shekara bakwai, bakinta duk ya ɗago. Ran nan matarsa ta sa ƙafa za ta shiga, robar ta tafi da ita. Sai ga Maman Tabita zaune cikin ruwa, ɗankwalinta ya kama hanyar ƙetare shi kaɗai.

Ta tashi ta matse zani. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Maigida, ni da jirgin nan sai ranar da ka gyara shi."

Ana haka sai saƙo ya zo daga ƙetaren dam, 'yarsu Tabita ta haihu, ɗan fari. Ranar Lahadi za a kai jariri majami'a a yi masa addu'a. Hanyar mota kuwa damina ta cinye ta, sai dai ta ruwa. Mutumin nan ya san matarsa. In ta ce ba ta shiga, to ba ta shiga, shi kaɗai zai sauka gaban surukai ana tambayarsa ina kakar yaro.

Ya je kasuwa ya sayo sabuwar roba, ya sayi gam gwangwani guda wurin Dogara shumeka. Ya ɓanɓare tsohuwar robar, sai ga tsohon gam a ƙasa, baƙi ƙirin, dunƙule-dunƙule, ga yashi ga ɓawon kifi. Ya dubi gam, ya dubi rana. Ya ce a ransa, "Gam ai gam ne. Sabo ya tarar da tsoho, su gaisa su zauna lafiya." Ya kwarara rabin gwangwani, ya ɗora roba, ya zauna a kai yana waƙa har ƙafarsa ta yi tsami.

Washegari ya kira matarsa yana baza haƙora. Ba ta taka ba. Sunkuyawa ta yi, ta sa yatsa biyu a gefe ta ja. Robar ta biyo ta kamar ɓawon ayaba. Ta miƙa masa ta ce, "Ga kayanka," ta koma gida.

Ya naɗe robar a hammata sai kasuwa. Dogara tsaransa ne, tun suna yara suke tsokanar juna. Baban Tabita ya jefa masa robar ya ce, "Kai tsohon banza, kunu ka zuba mini a gwangwani?"

Dogara bai ɗago ba sai da ya gama ɗinkin da ke hannunsa. Sannan ya juya bayan robar ya ce, "Aboki, mene ne wannan baƙin?"

"Datti."

"Cire shi mu gani."

Ya sa farce, ya sa ƙarfi, ko gezau.

Dogara ya ce, "To ka ga kununa ya kama. Abin da ka ba shi, shi ya kama. Tsohon gam ka ba shi, bai taɓa ganin katako ba. Tsohon ne ya saki."

Baban Tabita ya ce, "Kai da takalmi ka sani, me ya haɗa ka da jirgi?"

"Jirgi ma takalmi ne, na masu taurin kai. Je ka jiƙa tsohon da kananzir ya yi laushi, ka kankare har ka ga katako. Ka wanke da sabulu, don kananzir maiƙo gare shi. Ka bar wa rana ta shanya. Sannan ka shafa gam kaɗan, a katako da a roba, ka jira. Sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji bai biyo ka ba, lokacin ne za ka haɗa."

"Kwana nawa ke nan?"

"Ga mai hankali, yini ɗaya. Kai da ka zuba rabin gwangwani, biyu."

Haka mutumin nan ya durƙusa cikin jirgi da guntuwar wuƙa. Ya kankare nasa na jiya, ya kankare na shekara bakwai. A ƙarƙashi ya tarar da wani tun na zamanin mahaifinsa. Gwiwa ta yi ciwo, hannu ya yi kanta. A rana ta biyu matarsa ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallo. Ta nuna da leɓe ta ce, "Ka bar wani a lungun can." Ya matsa ya kankare lungun. Da ya wanke, sai ga katako ja fes, shi kansa ya manta haka launinsa yake.

Lahadi da sassafe Maman Tabita ta sa yatsa biyu ta ja. Ta sa hannu biyu ta ja. Sannan ta tattare zani ta shiga. Iska ta cika buhu, jirgi ya miƙa. A tsakiyar dam sai matar nan ta tashi ta kama rawar zumuntar mata a kan roba, har kifaye suna leƙowa.

To ga ma'anar wannan misali, ku buɗe kunne. Katakon nan zuciyarka ce. Yesu yana ba da sabon rai, kuma nasa gam ɗin ba kunu ba ne. Amma mu sai mu zo ran Lahadi da sabuwar riga, mu yi waƙa mu yi amin, mu manna a kan gabar da muke yi da ɗan'uwa tun rigimar iyakar gona. Kafin Laraba ya ɓanɓare, sai mu ce addu'a ba ta ci ba. Ta ci. Abin da ka ba ta, shi ta kama. Kankara a durƙushe ake yinta, kuma za ka tarar da wani ƙullin ba kai ka fara ba, gado ka ci. Ka cire shi duk da haka. In ka ƙi, ba kai ne za ka fara zamewa ba, mutanen gidanka ne.

Tunda na ce ku kankare, bari in fara da kaina. Rawar nan ni na manna ta, Maman Tabita gwiwa na damunta. Miƙewa kawai ta yi a tsakiyar ruwa, ta sa hannu a goshi tana hango gidan 'yarta, ba ta riƙe komai ba.