Tari Na Kawo, Ba Jini Ba

Akwai wani manomin gyaɗa a Roni, sunansa Maikasuwa. Mutum ne mai kamun kai, daga gona sai masallaci.

Wata damina tari ya kama shi, wata uku bai sake shi ba. Ya rame har fartanya ta gagare shi. Ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Halliru, ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Aka ce tarin fuka ne.

Ma'aikaciyar asibitin ta ce, "Malam, duk mai wannan tari muna so a yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Sau da yawa tare suke tafiya."

Maikasuwa ya miƙe ransa a ɓace. "Tari na kawo, ba jini ba. Ban taɓa sanin wata mace ba sai matata."

A waje Kawu ya tare shi.

"Na shaide ka, ba ka bin mata. Amma ƙahon da kake zuwa a yi maka ranar kasuwa, bayan mutum nawa askar nan take tsagawa kafin naka?"

Kawu ya ci gaba.

"Matarka Ma'u cikinta wata shida. Kai mutuncinka kake karewa. Abin da ke cikinta fa, wa zai kare shi?"

"Kawu, in aka gan ni a layin gwajin nan me za a ce?"

"A ce an ga tsoho da ɗansa. Wuce mu je."

Kawu ne ya fara miƙa yatsa. Nasa ya fito lafiya. Na Maikasuwa ya nuna akwai cutar. Ta inda ta shiga, Allah kaɗai Ya sani.

Kwana biyu bai iya kallon Ma'u ba. A na uku ya faɗa mata. Ta yi kuka, sannan ta ɗauki mayafinta ta ce, "To kai ni." Ita ma aka same ta da ita. Aka ɗora su a kan magani, kuma ba su yi wasa da shi ba.

Tarin ya warke. Ma'u ta haifi ɗiya, Rahamatu. Bayan yaye aka yi mata gwajin ƙarshe, ba ta ɗauka ba.

Darasi: Ciwo ba shaidar lalacewa ba ne. In tari ya daɗe, a je asibiti, in an ce gwaji a yarda, kuma kowa ya je wurin wanzami da sabuwar rezarsa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na can yana jin kunyar layi.