Sunan Wa Za A Rubuta A Jikin Jirgin?

Ku matso kusa, yau hukunci nake nema a wurinku, don ni abin ya hana ni cin abinci.

A wani tsibiri can wajen Yawuri akwai wata uwa, Inna Lantana. Mijinta Barau ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da ƙaramin jirgin fayiba, mai jiki kamar roba mai tauri, an rubuta sunansa a gefe da jan fenti. Damina ta yi nisa, kogi yana hawa, maƙwabta sun ƙetare. Ana cikin haka jirgin ya bugi kututture ya tsage, daidai kan sunan. Ga shinkafarsu a buhuna, ga ruwa ya fara lasar danga.

Babban ɗan, Namadi, ya bi kwale-kwalen wani masunci zuwa gari neman gam. Mai shago ya miƙo masa mai warin nan, wanda ke bushewa nan da nan, ya ce shi kowa ke saya. Namadi ya ƙi. Ya tuna da shi aka yi facin bara, ya ɓare kamar ɓawon rogo. Ya yi ta yawo har ya samo mai kwalba biyu, wanda ake haɗawa, mai kama tsohon jiki, ya haɗo da ƙyallen fayiba na faci.

Sai dai gam ba ya kama wuri mai laima, rana kuwa ta ƙi fitowa. Hansatu, ta tsakiya, mai suyar gyaɗa, ta kankare wurin har sunan babansu ya goge. Ta soya yashi a kaskonta, ta ƙulla a tsumma, tana ɗorawa tana sauyawa har tsagin ya bushe ƙayau. Tafukanta duk suka yi bororo.

Autan, Tanimu, shi ne mai hannu. Ya auna kwalaben da gwangwanin tumatir, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya shimfiɗa ƙyallen fayiba falle kan falle, yana matse iska, kafin haɗin ya daskare. Inna na ta kai da kawo tana cewa a tura jirgi haka nan, ruwa ya shigo tsakar gida. Tanimu ya zauna a kan jirgin ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ko dukana za ki yi, sai facin nan ya kwana."

Washegari suka ƙetare, su da shinkafarsu, ko ɗigo bai shiga ba.

To, a al'adar can, wanda sunansa ke jikin jirgi shi ne ke riƙe jirgin. Mai fenti ya zo ya tsuguna ya ce, "Inna, wurin nan suna ɗaya kawai zai ɗauka. Wa zan rubuta?"

Ta dubi Namadi, ta dubi hannun Hansatu, ta dubi Tanimu. Dukansu ita ta haifa.

Fenti yana bushewa a gwangwani. Ku da ba ku haife su ba, ku faɗa mini: sunan wa ya fi cancanta?