Katangar Lawwali da Ruwan Farko

Akwai wani ɗan kasuwa a Isa, Lawwali, da aka yi wa alkawarin shago a Sakkwato. Sai ya sa gidansa a kasuwa, don da kuɗin gidan zai kama shagon.

Gidan ba laifi, sai dai katangar baya ta tsage, har ɗan akuya na leƙowa.

Yari dillali ya kawo Ɗanmusa, manomi daga Gatawa mai neman inda zai ajiye iyalinsa. Ɗanmusa ya zagaya gidan ya ce, "Na yarda da kuɗinka, Alhaji. Abu guda: ka sa a yaɓe katangar ga kafin in shigo da yara."

Lawwali ya kece da dariya. "Gida nika saidawa, ba ni aikin laka. Albarka!"

Yari ya ja shi gefe. "Haba Alhaji, mutumin ga ko sisi bai rage maka ba."

"Shi tafi. Masu saye ba su ƙare ba."

Matarsa Mas'uda ta ce, "Baban Bilki, katangar ga ko tari aka yi kusa da ita, faɗuwa za ta yi."

"Ke dai ɗaure kayanki."

Masu saye suka yi ta zuwa. Kowa ya ga tsagar sai ya ce, "Za ni shawara." Mai shago kuwa ya bugo waya, ya ce wani na jiran shagon.

Ruwan farko na sauka, katanga ta kwanta rim! Gari ya waye awakin maƙwabta na tsakar gida, masu wucewa na gaida Mas'uda daga hanya tana gindin murhu.

Lawwali ya hau babur, sai wurin Ɗanmusa, murya ta yi laushi. "Malam, tayinka na nan?"

"Yana nan, ba ni cin ribar asarar wani. Amma yanzu ba yaɓe ba ne, gini ne."

Lawwali ya ce, "Na sallama." Bulo da siminti, duk daga aljihunsa. Da ƙyar ya samu shagon.

Ranar tashi, Mas'uda ta ce wa direba, "Dakata in ƙara kallo. Tun ina amarya nike roƙon katanga, yau na ganta."

Darasi: 'Ya'yana, in mai saye ya nemi ɗan sassauci na gaskiya, ku yi masa tun abin yana ƙarami, taurin kai tsada gare shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu kunnen ƙashi.