Kilomita Sittin

Akwai wani mutum da abokansa ke kira Ciyaman, domin shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu son motocin gudu. Su goma sha ɗaya ne. Kowace Asabar da hantsi sukan haɗu a bayan wani wurin wankin mota, su jera motocinsu, su buɗe bonet, su yi ta gardama a kan inji har rana ta take.

Motar Ciyaman ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya ƙwarai, sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga. Ba ya zuwa aiki da ita. Tana kwance a gareji cikin mayafinta, sai Asabar take ganin rana.

Wannan son mota a wurin mahaifinsa ya gado shi. Baba tsohon direba ne. Shekara talatin da takwas yana tuƙa motocin wani kamfani, bai taɓa mallakar tasa ba, bai kuma taɓa buge ko kaza ba. Tun da matarsa ta rasu ya dawo gidan ɗansa, aka ba shi ɗakin da ke jingine da gareji. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa na nan. Da an ta da jar motar sai a ji muryarsa ta taga.

"Auta, bar ta ta ɗumama. Inji ba ya son gaggawa."

Shi kaɗai ne a duniya yake kiran Ciyaman da Auta.

Wata rana labari ya ɓulla cewa kamfanin da ya ƙera jar motar zai fito da sabuwa. 'Yan ƙungiya suka rasa sukuni. Hoto ɗaya ne kacal aka saki, shi ma an lulluɓe motar, fitila ɗaya kawai ake gani. A kan fitilar nan suka yi mako biyu suna musu a waya.

"Wallahi ko ido na rufe ina ganinta," in ji Dogo, babban aminin Ciyaman.

"Kai da ba ka shiga taka sai ka naɗe ƙafa kamar tabarma?" in ji Ciyaman. "Bar wa masu daidai tsawo."

Manajan shagon sayar da motoci ya kira Ciyaman gefe. Ya ce guda biyar kaɗai za a kawo a zubin farko, kuma ya ajiye masa ɗaya. Za su karɓi jar motar a yi musaya, amma da sharaɗi: kada mitarta ta kai kilomita dubu goma. Idan ta kai, ta fita daga tsarin, sai a ba wani gurbinsa.

Ciyaman ya koma gida ya duba. Dubu tara da ɗari tara da arba'in. Saura sittin.

Daga ranar ya daina fita da ita. Ko taron Asabar a motar Dogo yake zuwa. Yakan ta da ita a cikin gareji ta yi minti goma, ya kashe, ya mayar da mayafi.

Ran nan da safe yana goge taya, Baba ya fito yana dogara sanda, ya zauna a kan benci.

"Auta, ka tuna tsohon filin jirgin nan da aka daina amfani da shi?"

"Inda ka koya mini tuƙi? Ina zan manta, Baba. Har yau kunnena na zafi."

Baba ya yi dariya har ya yi tari. "Ai kai ka ja. Mutum ya saki kuloci kamar ya taka wuta." Ya shafa kan sandarsa. "So nake ka kai ni can a cikin wannan. Shekara talatin da takwas ina tuƙa mutane, suna zaune suna kallon itatuwa. Ni ban taɓa ganin itatuwan ba, hanya nake kallo. Ina so in zauna a gefe sau ɗaya, ɗana na tuƙi."

Ciyaman ya yi lissafi a zuci. Zuwa da dawowa ta babban titi kilomita saba'in da shida ne.

"Baba, mu je a babbar motar gida mana. Ta fi daɗin zama."

"Waccan ta kai yara makaranta ce. Irinta na tuƙa har na gaji. Wannan nake son ji a ƙarƙashina."

"To ka ɗan yi haƙuri mako shida. Sabuwar na zuwa, ta ninka wannan. Kai ne mutum na farko da zai zauna a cikinta, na yi alkawari."

"Mako shida," in ji Baba. "Allah ya kai mu."

Mako shida ya wuce, mota ba ta zo ba. Aka ce jirgin ruwa ya makara. Aka ƙara wata ɗaya, aka sake ƙara wani. 'Yan ƙungiya suka buga riguna masu hoton fitilar nan, suka yi ta shirin yadda za su jera a ranar buɗe ta. Ciyaman ne kan gaba a komai. Yakan dawo gida da waya a kunne, ya leƙa ɗakin Baba daga bakin ƙofa.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya labarin amaryarku?"

"Tana hanya."

"Ta cika yanga," in ji Baba.

Matar Ciyaman ce ta fara lura cewa tsohon yana raguwa. Abincin da yake cinyewa ya koma yana barin rabi. Ta tari mijinta a falo.

"Baban yara, ka fitar da Baba mana. Kullum da safe sai ya sa takalminsa ya zauna a benci."

"Ke ba ki gane ba. Kilomita goma sha shida kacal za su ɓata mini komai. Saura kwana nawa? Baba ai ya fi kowa sanin mota, ya fahimta."

"Ya fahimta," in ji ta, ta juya ta shiga kicin.

Wata Asabar Dogo na ƙofar gida yana ta danna ham. Ciyaman ya fito da sauri, sai Baba ya miƙo masa wata takarda a ninke huɗu.

"Auta, in ka samu sarari ka duba wannan."

"To, Baba, in na dawo."

Yana sauri, kuma rigar ƙungiyar ba ta da aljihu. Ya ɗaga mayafin jar motar, ya buɗe aljihun gaba, ya jefa takardar, ya fita. Da ya dawo maganar ranar buɗe mota ce fal a kansa. Baba kuwa bai sake tambaya ba.

Kwana goma kafin ranar buɗe motar, Baba ya faɗi a bakin ƙofar ɗakinsa da hantsi. Aka ɗauke shi a babbar motar gida, a kwance a kujerar baya, kansa a cinyar surukarsa. Ɗansa ne ke tuƙi, amma Baba bai ga itace ko ɗaya ba.

Kwana uku ya yi a asibiti. A rana ta biyu ya buɗe ido, Ciyaman ya sunkuya kusa da shi.

"Baba, ka warke. Saura kwana tara ta iso."

Bakin tsohon ya motsa. Da ƙyar aka ji abin da ya ce.

"Ka riƙa bari ta ɗumama."

Washegari da rana ya cika.

'Yan ƙungiya duka sun zo jana'iza, sun yi ta'aziyya yadda ya kamata. Bayan mako guda Dogo ya same shi a gida.

"Ciyaman, na san zuciyarka ba daɗi. Amma gobe ne fa. Manaja ya ce ka kawo ja da ƙarfe goma. Ka fito ko iska ka sha. Shi kansa Baba da zai so ya ga ranar nan."

Da safe Ciyaman ya shiga gareji ya yaye mayafin. Ya fara kwashe kayansa daga motar, kamar yadda ake yi kafin a miƙa ta: tabarau, tsumman goge gilashi, takardun mota. A ƙarƙashinsu ya ga takardar nan mai ninki huɗu.

Ya buɗe. Taswira ce da biro, layukanta na rawa, haruffanta manya-manya irin na mai raunin ido. Baba ya zana hanya daga ƙofar gida, ba ta babban titi ba. Ta bi ta bayan masana'antar siminti, ta tsallaka layin dogo, ta ratsa gefen gonaki, ta fito a ƙofar baya ta tsohon filin jirgi. A kowace kwana ya rubuta nisanta. A ƙasa ya tara, ya ja layi biyu kamar yadda yake yi a littafin tafiya lokacin yana aiki.

Zuwa 29. Dawowa 29. Duka 58. Saura 2. Ba za ta kai ba, Auta.

Ciyaman ya zauna a kan bencin Baba. Bai san matarsa na tsaye a bakin gareji ba sai da ta yi magana.

"Ni ya sa na karanta masa mitar, don ba ya gani. Ya yi kwana huɗu yana zanen nan. Har mai tasi na makwabta ya sa na kira masa, ya tambaye shi ko hanyar bayan masana'anta tana nan."

"Me ya sa bai faɗa mini da baki ba?"

"Na ce masa ya faɗa. Ya ce a'a, direba ba ya matsa wa mai mota."

Wayarsa ta fara ƙara. Dogo ne. Ya kife ta a kan benci. Ya shiga ɗakin Baba ya ɗauko takalmin nan baƙi da tsohon yake gogewa kowace safiya, ya ajiye shi a ƙasan kujerar gefe. Ya ta da mota. Ya jira ta ɗumama.

Ya bi takardar kwana bayan kwana. Ga masana'antar siminti. Ga layin dogo, inda Baba ya rubuta "a hankali, motar gajeriya ce." Bayan gonaki akwai dogayen itatuwa a jere hagu da dama, inuwarsu na wucewa a kan kujerar da ba kowa. Ciyaman ya rage gudu sosai a wurin. Sau biyu ya tsaya a gefen hanya, domin ba ya ganin gabansa.

Filin jirgin na nan yadda ya san shi, sai dai ciyawa ta fasa kwalta. Ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda taswira ta ƙare. Bai shiga ya yi gudu ba. Ya kashe inji, ya buɗe ƙofar gefe, ya bar ta a buɗe, ya daɗe a zaune.

A daidai lokacin, can cikin gari, ana yaye mayafin sabuwar mota ana tafi. Manaja ya kira sunan Ciyaman sau uku, sannan ya ba na bayansa makulli.

Da la'asar ya dawo ta hanyar da ya bi. Ya shigar da motar gareji, ya ja birkin hannu, ya dubi mita.

Dubu tara da ɗari tara da casa'in da takwas.

Saura biyu, kamar yadda Baba ya rubuta. Bai yi kuskuren ko kilomita ɗaya ba.

Ciyaman ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kukan da bai yi ba a ranar jana'iza. Matarsa ta zo ta tsaya a gefen motar.

Bai sayi sabuwar ba. Jar motar tana wurinsa har yau, mitarta ta wuce dubu arba'in. Ya daina lulluɓe ta. Duk tsohon da ke unguwar ya san cewa in ya yi sha'awar fita, ya ƙwanƙwasa ƙofa kawai. Amma wanda ya fara roƙo, shi bai samu ba.

Darasi: Kada ka sa iyayenka su jira sabon abu alhali abin da suke roƙo yana hannunka yau. Mota takan makara ta iso daga baya, kamfani kuma zai sake ƙera wata baɗi. Tsohonka ba ya cikin abin da ake sake kawowa. In sun ba ka takarda ka buɗe, in sun yi magana ka tsaya ka ji, domin yawancinsu sau ɗaya suke roƙo, kunya ta hana su maimaitawa. Wanda nasa ke raye ya tashi ya je yau. Wanda nasa suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai ajiyar takardar da bai buɗe ba tukuna.