Bakin Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai tuƙa jirgin ruwa, wanda aka kora daga aikinsa a makon da ya tsamo mutane daga ruwa da hannunsa. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi ganganci ba. Laifin da aka ɗora masa shi ne wai yana da mugun baki. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

Sunansa Nomau. A wani gari ne, shekarun baya, gari mai babbar madatsar ruwa inda jama'a ke zuwa shan iska ranakun Sallah da na biki. Wani attajiri, Alhaji Ɗantsoho, yana da jirage biyu masu inji a wurin, ana ɗaukar mutane a zagaya da su tsakiyar ruwa a dawo. Nomau ke tuƙa ɗaya, wani mai suna Cindo ke tuƙa ɗayan.

Dokar hukuma a fili take. Kowane fasinja da rigar ruwa, wato rigar nan mai ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa. Kowane jirgi da igiya, da bokitin kwarfe ruwa, da filafili ko da inji zai mutu. Kada mu zalunci Alhaji, ya sayi komai. Sai dai rigunan jirgin Cindo suna kulle a ɗaki cikin ledarsu, don kada rana ta koɗar da su kafin ma'aikatan hukuma su zo dubawa. Nomau ne ya nace har aka ba shi nasa.

Nomau ba mai yawan magana ba ne. Magana ɗaya gare shi, ita yake yi wa duk wanda ya sa ƙafa a jirginsa: "Sa wannan, ko da jirgi zai kife."

To, kun san halinmu. Ba ma son a ambaci sharri. In aka ambace shi, sai mu ce an kira shi. Mata su ce, "A'uzubillahi, bakinka ya sari ɗanyen kashi." Maza su ce, "Kai tsoho, ba ka iya fatan alheri ba ne?" Kafin a jima mutane sun fara layi a jirgin Cindo, shi kuwa Nomau yana zaune yana gyara maɗaurin riguna.

Alhaji ya kira shi.

"Nomau, ba na hana ka riguna. Kalmar nan ce ba na so. Kife, kife, kullum kife. Ka ce musu ado ne, ka ce ta hoto ce."

"Alhaji, ba ta hoto ba ce."

"Na sani. Ni da kai mun sani. Ka dai faɗa haka."

"Ranka ya daɗe, in na ce ta hoto ce, ana gama hoto za su tuɓe."

A gida ma bai tsira ba. Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, bakin nan naka zai hana mu tuwo." Ya daɗe yana juya maganar, don ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Ya rage murya, ya koma cewa "saboda halin ruwa". Sai ya ga ana karɓar rigar ana zama a kanta kamar matashi. Sai ya koma wa kalmarsa.

Ran nan, da hantsi, ga wani ango da ƙaninsa da abokansa sun zo yawon shaƙatawa, kowa cikin farar shadda, ta sha sitaci da bugu. Jirgin Nomau suka fara shiga, don shi ne ya fi kyan fenti. Ya fara miƙa riguna. Babban abokin ango ya ɗaga tasa da yatsa biyu.

"Baba, a kan shaddar nan zan ɗora wannan? Ka san jiya aka karɓo ta daga wurin tela?"

"Ɗora, yarona."

"In ban ɗora ba fa?"

"Inji ba zai tashi ba."

Suka yi dariya. Wani ya ce ai su sun dogara ga Allah. Babban abokin ya matsa, yana son ya ba abokai nishaɗi: "Tsaya, Baba. Faɗa mana. Me kake jin zai same mu?"

Nan ne wurin jarrabawar, jama'a. Da Nomau ya yi murmushi ya ce babu komai, da ya ci kasuwar ranar, da kuma ba wanda zai riƙe masa wata magana daga baya. Ya dube su, samari ne tsaran 'ya'yansa. Ya ce, "In jirgi ya kife, shaddar nan za ta sha ruwa ta naɗe muku ƙafafu. Ba za ku iya iyo a cikinta ba."

Suka fita suna tofar da yawu, suka cika jirgin Cindo har ya wuce kima. A tsakiyar ruwa mai ɗaukar hoto ya ce a matso, suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka koma gefe guda. Jirgin ya kife.

Nomau yana kallo daga gaɓa. Ya ja inji ya isa wurin, yana jefa riguna, yana jefa igiya, yana jawo mutum ta wuyan riga. Ya tsamo Cindo, ya tsamo ango, ya tsamo babban abokin nan yana aman ruwa. Ƙanin ango ne bai samu ba. Sai washegari masunta suka fito da shi, shaddar ta naɗe masa ƙafafu.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne abin takaicin. A wurin zaman makoki ba a tambayi inda rigunan jirgin Cindo suke ba. Ba a tambayi wanda ya bari aka yi lodin da ya wuce kima ba. Abin da ya zaga tabarma shi ne: "Ai tsohon nan ya faɗa. Har ƙafafun ya ambata." Kafin sadakar uku, gari ya gama yanke hukunci cewa bakin Nomau ne ya kifar da jirgi. Maganar ta yi wa kowa daɗi. Ta wanke Alhaji, ta wanke Cindo, ta wanke masu rai.

Alhaji ya sake kiransa, wannan karon a gaban dattawan unguwa.

"Nomau, ni ban ce kai ne ba. Amma jama'a sun tsorata da kai. Ka tsaya a gabansu ka ce ka yi suɓul da baka, ka nemi afuwa, ka yi alkawarin ba za ka ƙara ambaton kalmar nan ba. Jirginka na nan."

Nomau ya tuna Tabawa, ya tuna tukunyar gidansa. Ya ce, "Alhaji, in na ce bakina ne, gobe ba wanda zai sa riga. Za su ce an toshe bakin, ruwa ya zama lafiya."

"To, ajiye makullin injin."

Ya ajiye.

'Yan'uwa, baki ba ya kifar da jirgi. Lodi ke kifar da shi, da ganganci, da rigar da aka kulle a ɗaki. Ajali na Allah ne, babu musu, amma Wanda ya rubuta ajali Shi ne ya umarce mu da tsare rai, kuma za a tambaye mu. Dogaro ga Allah yana zuwa ne bayan ka ɗaura rigar. Mai gaya maka haɗari kafin ya zo ba maƙiyinka ba ne, kuma wanda ya riƙe gaskiya har ta raba shi da abincinsa, ladansa yana wurin Allah ko da gari ya juya masa baya. Sallah na tafe, da yawanku za su kai iyali bakin ruwa. In aka miƙo maka riga, ka karɓa ka ɗaura, ka ɗaura wa 'ya'yanka. In ba a miƙo ba, ka tambaya, in babu ka sauka. In kuma kai ne mai jirgin, ka sani rayuka ka ɗauka.

Shi dai Nomau ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Wasu sun ce yana dako a wata tasha, wasu sun ce ya koma kamun kifi a wani kogi. Cikin waɗanda ya tsamo ranar, har yau ba a ji wanda ya je neman inda yake ba.