Hannun Hagun Baba Hamajoɗa

Akwai wani ma'aikacin gwamnati, ɗan Jimeta, mai suna Bakari, da yake aiki a Maiduguri zamanin Jihar Arewa maso Gabas. Mutum ne mai ji da kansa. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya fara duban takalminka kafin ya amsa.

Cikin daminar 1971 aka aiko masa cewa mahaifinsa, Baba Hamajoɗa, ya yanke jiki ya faɗi. Ya zo ya tarar ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce akwai sa rai, muddin tsohon yana cin abinci.

To, a nan gizo yake saƙar. Sati biyun farko yana ɗan kurɓar kunun gyaɗa. Da aka shiga na uku sai ya datse baki. Abu ɗaya kawai yake yi: ya ɗaga hannun hagu, ya haɗe yatsu, ya yi ta juya su a kan kumatunsa, sannan ya nuna ƙofa.

Babu wanda ya gane. Matar tsohon ta daɗe da rasuwa. Gogo Asta, ƙanwarsa, ciwon ne ya kawo ta daga Ngurore. Shi kuwa Bakari, tun da aka kai shi makarantar kwana, gidan ubansa ya zame masa masauki.

Gogo ta ce haƙori ne. Aka kira Ɗanburam wanzami, ya leƙa bakin, ya ce, "Gogo, haƙoran nan duka guda shida suka rage, kuma kowanne lafiyarsa ƙalau." Wata maƙwabciya ta ce ita ta taɓa ganin haka, wai mamata yake gani a bakin ƙofa suna kiransa. Gogo ta fashe da kuka. Bakari ya daka mata tsawa.

Kaltume, matar Bakari, ta ce, "Ko dai ƙasumbar ce take masa ƙaiƙayi? Ka ga ta fito."

Bakari ya ji kamar an sauke masa kaya. Ɗanburam ya dawo da askarsa, ya yayyafa ruwa a gemun. Tsohon ya sa hannu ya kifar da kwanon ruwan. Bakari ya ce ƙila irin gyaran fuskar zamani yake so, ya je kanti ya sayo burushi da sabulu da reza. Ya shafa masa kumfa sama-sama. Tsohon ya goge da gefen zane, ya juya fuska bango, hawaye na bin kunnensa.

Bakari ya fito zaure ya zauna, kansa ya ɗaure tam. Shi da yake warware takardun ma'aikata ɗari, ya kasa karanta hannu ɗaya. Kwana huɗu ke nan ba abin da ya shiga cikin uban sai ruwa. Ya ji tsoro, tsoro na gaske.

Yanzu bari in gaya muku abin da Bakari bai sa a lissafinsa ba. Juma'a biyu a jere, da hantsi, wani tsoho yana zuwa ƙofar gidan da gajeren wandon kaki da wata tsohuwar jaka. Kansa na rawa, hannunsa na rawa. Ya ce sunansa Absalom, ya zo ganin Hamma, wato Baba Hamajoɗa. Duk sau biyun manyan baƙi na zaure, sai Bakari ya ce masa likita ya hana damun mara lafiya, ya miƙa masa sule ɗaya. Tsohon bai karɓa ba.

Wannan ranar ma Juma'a ce. Bakari ya ɗaga kai ya hango shi zaune a gindin dogon yaro, tsallaken hanya, bai ko matso ba. Gogo ta leƙo ta ce, "Bakari, ka bar bawan Allahn nan ya shiga. Me ya rage ba mu gwada ba?"

Ya yafito shi, ba don ya so ba.

Absalom ya shiga ɗakin ya ce, "Hamma, ni ne." Baba Hamajoɗa ya juyo. Ya ƙura wa fuskar abokinsa ido: gemu ya yi buzu-buzu, ga yanka uku a haɓa, ɗaya bai ma warke ba. Sai hannun hagu ya tashi, ya hau juyawa da sauri.

"Na ji, na ji," in ji Absalom. "Ka daina faɗa. Na gwada da kaina ne, ka ga abin da ya fito." Ya dubi Kaltume. "'Yata, taimake ni da ruwan ɗumi."

Daga jakarsa ya zaro aska da gwangwani mai guntun sabulu da wani burushi da gashinsa ya kusa ƙarewa. Bakari ya ce, "Ai na gwada masa wannan, ya ƙi."

"Ba gyaran fuskarsa yake nema ba. Tawa yake so ya gyara."

Bakari ya dubi Gogo, Gogo ta dubi Kaltume.

Absalom ya ce, "Shekara talatin muna aiki a jirgin ruwa ni da babanka, muna kai gyaɗa ta Binuwai. Babu madubi a jirgi. Duk Juma'a ni in yi masa, shi ya yi mini. Da muka bar aiki ba mu daina ba, a bakin kogi muke haɗuwa. Yau shekara biyar rawar nan ta kama ni, wanzamai suka ce ba za su sa aska a wuyan da ba ya tsayawa ba. Shi kaɗai ya san dabarar."

Ya durƙusa gefen gado, ya ɗora tsumma mai ɗumi a tasa fuskar na ɗan lokaci, ya jiƙa burushi ya sa a hannun hagun abokinsa, ya riƙe masa gwangwanin. Baba Hamajoɗa ya juya, ya juya, har kumfa ta yi kauri kamar kindirmo. Sannan ya fara shafa wa Absalom, a hankali, daga saje zuwa haɓa, ya koma, ya sake. Bakari ya ga an gama tun tuni, amma hannun bai tsaya ba.

Can sai ya lura. Kan Absalom ya rage rawa. Jim kaɗan ya tsaya cik.

Baba Hamajoɗa ya ajiye burushi. Ya dubi aska, ya dubi hannunsa na dama da yake kwance a kan zane. Sannan ya dubi ɗansa.

Wannan karon Bakari bai nemi fassara wurin kowa ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa a gaban mutumin da ya kora sau biyu.

"Bappa, ka yafe mini. Ban taɓa yi wa kowa ba."

"Bi kwancin gashin, kada ka danna. Kumfar ta riga ta yi rabin aikin."

Uban ya dafe goshin Absalom da tafinsa, ɗan ya ja aska. Sun ɗauki lokaci. Da aka goge fuskar, Baba Hamajoɗa ya shafa kumatun abokinsa da bayan yatsu, ya ji sumul. Ya sauke ajiyar zuciya.

Sai ya nuna kwanon kunu. Gogo ta miƙo ludayi. Ya buɗe baki, ya sha har bakwai.

Darasi: Kada ka tsaya tsakanin iyayenka da mutanensu don tufafinsu bai yi maka ba. Wanda ka raina a bakin ƙofa, ƙila shi ne ya san abin da ka kasa ganewa a cikin ɗaki. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda suke da tsofaffi a gida.