Munduwar Iya Tabawa

Ku gyara zama. Kai kuma Ilu, mai da wayar nan aljihu, don labarin yau da tambaya a ƙarshensa, kuma ba mai tashi sai ya ba ni amsa.

A wani gari gabas da mu an yi wata tsohuwa, Iya Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma, ɗaya ne ya rage mata, Haladu, shi ne kuwa ɗan farinta. Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, balle a ji bakinta ya ce tana son ganinsa. In ta kama dole ta yi maganarsa, sai ta ce "mutumin Fatakwal", don can yake sana'ar albasa, shi da matarsa da 'ya'yansu.

Haladu ba mugun ɗa ba ne, kada wani ya ɗauki alhakinsa. Gero ba ya yankewa a gidan, haka mai da sabulu. Yakan kira ta a wayar maƙwabta ya ce, "Iya, yaya jiki?" Ta ce, "Lafiya lau," ta miƙa wa mai waya abinsa. Shi kuwa bawan Allah sai ya yarda, ya koma kan albasarsa. Shekaru suna ta wucewa bai zo ba, kullum sai an sayar da kayan bana.

Gidan babba ne, ɗakunan duk a rufe sai nata. Da hantsi ta share tsakar gida, ba mai ɓatawa, da la'asar ta sake sharewa. Daga baya ta daina sharar ma. Tuwo ya riƙa kwana a kwano, akuyar maƙwabta ce ke cin rabonta. Ta rame har munduwar azurfar da ta gada wurin uwarta tana sulluɓewa daga hannunta. Aka kai ta asibiti, aka auna, ba a ga komai ba. Mata suka ce tsufa ne. Ni kuwa ina gaya muku kewa ce take cin ta, kuma da an bar ta a haka da ba ta ga damina ba.

To, a ƙaramar sakandaren garin akwai malamin Hausa, Malam Isiyaku. Da darasi ya zo kan sunayen abubuwan da ba a gani da ido, ba a kama su da hannu, irin su haƙuri da tsoro da kunya, bai cika allo da rubutu ya ce a kwafa ba. Ya ba kowane ɗalibi kalma ɗaya, ya ce ya je wurin tsofaffin unguwarsu ya samo 'yan'uwanta masu ma'ana kusa da tata, kowace da misalinta daga bakin tsohon. Sauran malamai suna ta yi masa dariya, wai ya mai da darasi yawon gidaje. Shugaban makaranta ma ya ja masa kunne. Bai fasa ba. Har wayarsa yake ba yara aro su naɗo murya, abin da ni ko ɗan cikina ba zan yi wa ba.

Kalmar kewa ta faɗa hannun wata 'yar aji biyu, Zulai, wadda gidansu yake bayan na Iya Tabawa. Ta je gidan tsohuwar ta yi sallama, ta faɗi abin da ya kawo ta. Tsohuwa ta ce, "Ni na san boko ne? Tashi ki ba ni wuri." Da wata ce da ta wuce gidan gaba, tsofaffi ba su ƙare a unguwar ba. Zulai kuwa washegari ta dawo, ta ɗauki tsintsiya ta share gidan, ta cika randa, ta zauna bakin tabarma. Haka ta yi ta zuwa ana korar ta, har ran nan ta ce, "Iya, ba fa labarinki za ki ba ni ba. Aikin makaranta ne." Wannan ne ya buɗe bakin tsohuwa, tunda ba ciwonta aka tambaye ta ba.

Ta ce, "Ai akwai kaɗaici. Shi ne ki dama kunu ki zuba a kofi biyu, sannan ki tuna. Akwai bege. Shi ne ki ji mota ta tsaya a bakin hanya, ki kasa kunne har ta tashi. Akwai zulumi, ki ji an ce ana ta ruwa a kudu, ki tuna wani ƙirjinsa ba ya son sanyi." Can ta ce, "Akwai marmari kuma. Akwai mai gyaran murya a zaure kafin ya yi sallama. Ki so jin wannan gyaran muryar fiye da abinci, shi ne marmari." Zulai ta naɗe duka a wayar malam. Malam Isiyaku ya saurara, abin ya burge shi, ya sa a zauren waya na 'yan garin da suke nesa, don su ji aikin yaransu.

A Fatakwal, Haladu ya kunna yana ta dariya. Ya ce, "Ji Iya da Hausa! Ashe malama muke da ita a gida." Matarsa Barira tana tsintar shinkafa a gefe. Ta ajiye faifan ta ce ya sake kunnawa. Da muryar ta ƙare ta ce, "Baban Nafi, kai dariya kake yi? Wane ne ƙirjinsa ba ya son sanyi? Wa ke gyaran murya kafin sallama? Kuma ba ka ji yadda numfashinta yake yankewa ba?" Ya ce, "Ai kullum lafiya lau take ce mini." Ta ce, "To me kake so ta ce wa ɗan fari?" Ya kawo zancen motar albasa da take hanya. Barira ta san in ya tafi, ita za a bari da yara a garin da ba ta da uwa ba ta da uba, ga rumfa ga kaya. Duk da haka ita ta haɗa masa jaka da hannunta, ta ce ƙaninta zai tsaya a rumfa, kada ya dawo sai Iya ta miƙe.

Washegari da la'asar ya iso. Iya Tabawa tana kwance a tabarma, Zulai tana yi mata fifita, sai aka yi gyaran murya a zaure. Tsohuwar da sai an ɗaga ta, ita ce ta tashi zaune da kanta. Ta ja mayafi, ta juya fuskarta wajen bango. Ya shigo ya durƙusa. Ta ce, "An zo lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Iya." Ta ce wa Zulai, "Ke, ɗora tukunya, an yi baƙo." Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙarin miya. Shi kuwa da ya ga yadda hannunta ya koma, zaure ya fita ya yi kukansa.

Ya zauna har damina ta wuce, ya buɗe ɗakunan nan, ya aika aka ɗauko Barira da yara. Iya ta murmure. Har yau dai ba ta kama sunansa ba. Amma ran nan ta zare munduwar azurfa ta ajiye a kan tabarma, ta ce, tana kallon bango, "A ba wanda ya kawo mini mutumin Fatakwal."

Nan fa gardama ta kaure, don munduwa ɗaya ce, ba ta rabuwa. Wasu suka ce ta malam ce, shi ya jure dariya ya tura yara wurin tsofaffi, shi ya kai muryar Fatakwal. Wasu suka ce ta Zulai ce, ita aka kora ta dawo, ita ta samo ƙofar da tsohuwa za ta yi magana ba tare da ta ji kunya ba. Wasu suka ce duk garin ya ji muryar nan, har ɗan da Iya ta haifa ya ji, Barira ce kaɗai ta gane, kuma ita ta sallama mijinta.

Munduwar tana nan a kan tabarma, Haladu ya rasa hannun da zai saka wa. To ku, da malam, da Zulai, da Barira, wa za ku ba?